Ramuka Arba'in da Ɗaya

Shekara guda bayan an daina harbi
aka jera su a saharar Arizona,
fiffike na taɓa fiffike har inda ido ya gaza.
Ana sayar da su kamar ragowar kasuwar yamma:
man da ke cikin tankin wani
ya fi jirgin kansa tsada.

Wendell Ostrander ya jinginar da gonar surukinsa, ya sayi bakwai.
Ni ina ɗan shekara sha tara,
da guduma, da hannun da bai san rawa ba.
Ya dubi tafina, bai nemi takarda ba,
ya ce, "Eusebio, gobe da asuba."

Na farkon da muka ja cikin rumfa,
ramukan harsashi arba'in da ɗaya ne a jikinsa.
Ni na ƙirga, ni na toshe.
Marvella Tibbs na tokare da ƙarfe daga ciki,
ina bugun ƙusa daga waje,
ba ma ganin juna, sai ƙwanƙwasa:
ɗaya, ƙara; biyu, ta zauna.
Da wannan yaren muka ci shekara ashirin da biyar,
kunnena na hagu can na baro shi.

Muka cire bindigogi, muka rufe gurbinsu da gilashi.
Cikin da ya saba haihuwar bam
muka shimfiɗa masa katako.
Ƙarƙashin kujerar maharbin wutsiya
na tsinci takalmin jariri, ƙafa ɗaya, fari,
an ɗaure shi da waya jikin ƙarfe.
Ban kwance ba. Na mayar da murfi.
Da shi jirgin ya yi ta jigilar lemo zuwa arewa,
da 'yan tsaki dubu-dubu cikin kwali,
har da wani bijimi da ya ƙi sauka a Sonora.

Daga baya gobara ta ciyar da mu.
Dazuzzukan kan duwatsu na ci,
muka dasa wa tsofaffin tankunan ruwa,
su da suka saba zubar da wuta.
Wendell ya ce tuba ke nan.
Marvella ta ce ƙarfe bai san tuba ba,
gajiya kaɗai ya sani.

Mai facin riga, wata rana sai ya so yanka sabon yadi.
Wendell ya zana nasa jirgin,
inji biyu, kujera goma sha huɗu.
Uku muka ƙera.
Na biyun ya tashi wata Talata da Lyle Hatcher a ciki,
muna tsaye, hannu a goshi,
sai hayaƙi ya miƙe bayan tudu, siriri kamar zare.
Ranar ba wanda ya sake ɗaukar guduma.
Na ukun bai taɓa barin ƙasa ba,
tattabaru suka gaje injinsa.

Masu gudu suka zo, marasa farfela,
kuɗi ya bi su.
Banki ya aiko mutum biyu da kwado.
Da aka sauke allon suna
haruffan suka bar inuwarsu a bango.
Yanzu auduga ake tarawa a rumfar.

Bara, bayan mun binne Marvella,
jikata ta tura ni a keken guragu
cikin wani gidan adana kayan tarihi.
Ga shi nan, na farkon namu.
Sun kankare warin lemo,
sun mayar masa da fentin soja,
sun dasa bindigogin roba inda muka sa gilashi.
Yara na tambaya garuruwa nawa ya ƙone,
ba mai tambayar 'yan tsaki.

Na ce ta matsar da ni kusa da wutsiya.
Facina na nan ƙarƙashin fenti,
yatsa ya gane abin da ido ya manta.
Mai gadi na kallon wani wajen.
Na ƙwanƙwasa sau ɗaya.
Na kara kunnen dama, na jira.